Girkin Sauri A Harlem: Dabarun Kayan Zaƙi Da Abincin Gida Ga Mai Ƙarancin Lokaci



Duk wanda ya yi ko da wata shida a birnin nan ya san cewa lokaci ya fi komai tsada. Mai kitso a titi na 125 takan fita da safe ba ta dawo ba sai bayan isha'i, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu takan yi awa 12 a tsaye, direban tasi kuwa ba shi da lokacin cin abinci balle na dafawa. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: yara su tashi da fiza da soyayyar kaza ta kan titi, tuwo ya zama abincin ranar sallah kawai, har a wayi gari yaro ya ga fura ya ce ba zai sha ba domin bai san ta ba. Shi ya sa na ga ya dace in tattara wasu dabarun girkin sauri da ake amfani da su a gidajenmu na nan, musamman na kayan zaƙi, domin amfanin uwargida da kuma 'yan uwanmu maza da ke zaune su kaɗai. Zan riƙa magana da uwargida, amma maigida ma da shi nake.

Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci a girkin Hausa shi ne surfe da daka da niƙa da jiƙo da tankaɗe, kuma duk waɗannan ana iya yanke su ba tare da abinci ya canza ba. Abin da ke ba shi ɗanɗanonsa kuwa, wato daddawa da kuka da yaji da citta da tsamiya da man shanu, shi ne bai kamata a taɓa ba. Wadda ta rage aiki ta bar ɗanɗano ta yi dabara. Wadda ta rage ɗanɗano ta dafa wani abu dabam.

Kuma babu abin kunya a ciki. Iyayenmu a Kano da Maraɗi da Kumasi sun daɗe da ajiye turmi suka koma injin niƙa, suka karɓi dunƙulen Maggi da tumatirin gwangwani da Semovita, ba wanda ya ce sun bar al'ada. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Inda ake samun kayan haɗi

Mazauna Harlem sun yi sa'a. Tun shekarun 1980 'yan Afirka ta Yamma suka fara taruwa a titi na 116 ta ɓangaren yamma, har aka riƙa kiran wurin Ƙaramar Senegal. A 1994, lokacin magajin gari Rudolph Giuliani, aka tashi masu kasa kaya a titi na 125, aka mayar da da yawansu kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116, kuma a cikinsu akwai Hausawa da Zabarmawan Nijar, waɗanda masani Paul Stoller ya rubuta littafi a kansu a 2002. Tsadar haya ta kori shaguna da iyalai da dama zuwa Bronx, amma har yanzu shagunan 'yan Afirka na wannan yanki ne wurin neman kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da manja da garin wake.

Sai dai ba lallai ne komai ya fito daga shagon ɗan Afirka ba. Idan kika bi titi na 116 ɗin nan kika yi gabas, za ki tarar da shagunan 'yan Meziko, inda ake sayar da zoɓo da sunan flor de Jamaica, tsamiya kuma da sunan tamarindo, ga garin madarar Nido a kusan kowane kanti. Mutanen tsibiran Karebiyan kuwa sorrel suke ce wa zoɓo. Shagunan Indiyawa da ke titin Lexington wajen titi na 28, waɗanda jirgi mai lamba 6 ke kai mutum kai tsaye daga Harlem ta gabas, suna sayar da garin gero da sunan bajra da garin dawa da sunan jowar, ga garin shinkafa mai laushi da kanumfari da citta a farashi mai sauƙi. Bajra geronmu ne sak, ba wani iri dabam ba.

Kalma ɗaya a kan awo. Duk inda na ce kofi, ina nufin kofin awo na Amurka, mai cin mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa na nan kuwa yana cin mililita 354, wato ya kai biyun ƙaramin gwangwanin Peak da muka saba da shi a gida. A kula da wannan idan ana bin awon da aka koya a gida.

Kayan zaƙi da na sha

Dege. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma 'yan Nijar sun san shi sarai. 'Yan Senegal suna ce masa cakiri, a Gana kuma akwai ɗan uwansa da ake kira burkina. Asalinsa da gero ake yi, a murza gari a turara, amma kuskus na kwali yana maye gurbinsa. Ki zuba kuskus kofi 1 a kwano, ki zuba masa tafasasshen ruwa kofi 1 da ɗan man shanu, ki rufe minti 5, sannan ki warware shi da cokali mai yatsu ki bar shi ya huce. Sai ki haɗa yogot marar zaƙi kofi 2 da rabin gwangwanin madarar ruwa da sukari babban cokali 3 da ɗan gyaɗar ƙamshi, ki juye kuskus ɗin a ciki, ki sa a firij. Idan kin samu ledar cakirin gero a shagon 'yan Senegal ya fi daɗi, sai dai shi yana buƙatar turarawa ko ɗan ƙarin lokaci a ruwan zafi.

Fura. Ki samu garin gero kofi 2, ki zuba garin citta ƙaramin cokali 1 da ɗan kanumfari da masoro da barkono gwargwadon son ranki. Ki kwaɓa da ruwa kaɗan kaɗan har ya dunƙulu, ki mulmula manya, ki jefa a tafasasshen ruwa ya dahu kamar minti 20. Maimakon kirɓi a turmi, wanda maƙwabcin da ke ƙasanki ba zai yafe miki ba, sai ki zuba a injin markaɗe mai ƙarfi da ɗan ruwan dahuwar, ki kunna har ya yi laushi. Ki mulmula ƙanana, ki barbaɗa musu gari, ki jera a leda ki sa a firiza. Ranar da ake so, a fito da biyu ko uku a dama a bilenda. Game da nono, ba a sayar da ɗanyar madara a kantunan birnin nan, amma abin da ake rubuta wa buttermilk a jikin kwali yana kusa ƙwarai da nonon tsala, yogot marar zaƙi kuma shi ne kindirmo. Idan kika haɗa rabi da rabi za ki samu tsamin da kaurin da ake so.

Tuwon madara. Yadda aka saba shi ne a dafa sukari kofi 1 da ruwa rabin kofi har ya fara danƙo, a sauke, a zuba garin madara kofi 2 zuwa 3 a tuƙa, a shimfiɗa a faranti mai ɗan mai a yayyanka. Wannan ma bai wuce minti 15 ba. Amma akwai wanda ba ya buƙatar wuta: ki zuba garin madara kofi 2 a kwano, ki riƙa tsiyaya madara mai kauri mai zaƙi ta gwangwani kaɗan kaɗan kina murzawa har ya haɗe ya daina kama hannu, yawanci rabin gwangwani ko ɗan fiye ya isa. Ki murza shi da kwalba, ki yanka, ki sa a firij awa 1. Ya fi na wuta laushi, kuma yara na iya yinsa da kansu ba tare da tsoron ƙuna ba.

Kunun gyaɗa. A gida sai an jiƙa gyaɗa an niƙa an tace. A nan sai ki sayi niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba, amma ki duba ki tabbatar gyaɗa ce zalla, ba wadda aka zuba wa sukari da daskararren mai ba. Ki dama babban cokali 4 a ruwan ɗumi kofi 4, ki ɗora a wuta ya tafasa, sannan ki dama garin shinkafa rabin kofi da ruwan sanyi ki zuba kina juyawa har ya yi kauri. Bayan kin sauke sai ki matsa lemon tsami ko ki zuba ruwan tsamiya. Launinsa zai fi na gida duhu domin gyaɗar kwalba soyayya ce, amma ga mai buɗa baki bayan dogon azumin bazara, da babu gara ba daɗi.

Dubulan da fanke. Wahalar dubulan ita ce murza ƙullu har ya yi siriri. A sashen kayan sanyi na manyan kantuna akwai fallayen ƙullu da ake naɗe abincin 'yan Sin da su, ana rubuta egg roll a jikin ledar. Ki yanka su tsaye, ki murɗa ko ki naɗe yadda kike so, ki soya a mai mai zafi, minti 1 ya isa. Sai ki tsoma a ruwan sukari da kika dafa da lemon tsami ko tsamiya, ki tsame. Fanke kuwa, kwaɓaɓɓen ƙullun fiza da ake sayarwa a leda yana yi: ki bar shi ya huce daga sanyin firij kamar rabin awa, ki gutsuttsura ƙanana, ki soya, ki birkita a sukari tun da zafinsa, domin shi ƙullun ba shi da zaƙi.

Zoɓo. Ba sai an tafasa ba. Ki ɗauraye zoɓo kofi 1, ki zuba a jug da ruwa kofi 8 da yankakkiyar ɗanyar citta da kanumfari, ki sa a firij ya kwana. Da safe ki tace, ki zuba ruwan abarba na gwangwani. Sau da yawa zaƙin abarbar kaɗai ya kusa isa.

Abincin ci

Tuwon shinkafa shi ne ya fi cin moriyar zaman Amurka. Da garin shinkafa ko kwalin Cream of Rice, sai ki yi talge, ki bar shi ya dahu minti 5, ki ƙara gari ki tuƙa, ki rufe ya sulala. Cikin minti 15 an kwashe. Tuwon masara kuma da farin garin masara mai laushi ake yi, ba mai tsakin nan ba. 'Yan uwanmu na kudancin Najeriya da Gana sun daɗe suna haɗa busasshen dankalin turawa na kwali da Cream of Wheat ko Bisquick su tuƙa abin da ke kama da sakwara, kuma da miya mai kyau ba ya da laifi.

Miyan taushe ita ma tana da gajeriyar hanya. Amurkawa na sayar da dafaffiyar kabewa a gwangwani mai giram 425, kuma takan yi araha a watan Nuwamba lokacin bikin godiyarsu. Ki tabbatar kin ɗauki wanda aka rubuta kabewa zalla, domin akwai wani mai kama da shi wanda aka riga aka zuba wa sukari da kayan ƙamshi saboda kek. Bayan namanki ya dahu da jajjage da daddawa, ki juye gwangwani 1, ki dama gyaɗar kwalba babban cokali 3 ki zuba, sannan ki kawo daskararren alayyahu. Idan babu yakuwa, lemon tsami zai ba ki tsamin. Haka nan yankakkiyar kuɓewa ta firiza, idan kika ɗan markaɗa ta tun tana daskare, tana yauƙi kamar ɗanya.

Ɗanwake ba ya buƙatar komai sai fulawa kofi 1 da garin wake kofi 1 da kuka babban cokali 1, da bekin soda rabin ƙaramin cokali a madadin kanwa. Dambu kuwa da kuskus ake yi: ki jiƙa shi kamar na dege, ki haɗa da busasshen zogale da kika jiƙa ko alayyahu, da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa da mai, ki turara minti 10. Waina ma ana yi da garin shinkafa kofi 2 da dafaffiyar shinkafa rabin kofi da yis ƙaramin cokali 1 da sukari da ɗan yogot, a markaɗa da ruwan ɗumi a rufe awa 1 a wuri mai ɗumi. Tandar kuwa, Indiyawa suna da kasko mai gurbi gurbi da suke kira paniyaram, ya fi tandarmu ƙananan gurabu amma yana aiki.

Babbar dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce jajjagen mako. Ranar hutunki ki markaɗa tattasai da attaruhu da albasa da tumatir masu yawa, ki dafa har ruwan ya tsotse, ki soya, ki rarraba a ƙananan ledoji ki daskarar. Kowace miya a cikin mako ta riga ta yi rabin tafiya. A nan ne kuma ba a gaggawa: idan ba a bar jajjage ya soyu har tsamin tumatir ya fita ba, babu dunƙulen da zai gyara miyar. Sauri ya haifi nawa.

Abubuwan lura kafin a saya

Kayan kwali da na gwangwani suna da nasu tarko, kuma wajibi ne musulmi ya karanta jerin kayan haɗin da ke jikinsu. Kalmar lard tana nufin kitsen alade, kuma ana samun ta a wasu haɗaɗɗun garin burodin masara da ƙullun kek na firiza. Kalmar gelatin kuma, wadda ake gani a alewoyi masu taushi da wasu yogot masu zaƙi, a Amurka sau da yawa daga fatar alade ake samo ta, sai idan an rubuta halal ko an ce ta kifi ce. Ruwan ƙamshin banila na asali, a dokar hukumar abinci ta Amurka, dole ne ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa. Malamai sun yi saɓani a kan ɗigon da ake sa wa a girki, to wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sayi na gari, ko ya tambayi malaminsa. Tambarin abincin Yahudawa yana nuna babu alade, amma ba ya nuna babu barasa.

Na biyu shi ne sukari da gishiri. Fiye da rabin nauyin madara mai kauri ta gwangwani sukari ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada mace ta wuce ƙaramin cokali 6 na ƙarin sukari a rana, namiji kuma 9. Gishiri kuwa, iyakar da ake ba da shawara ita ce miligiram 2,300 na sodiyam, wato kimanin ƙaramin cokali 1 na gishiri a yini guda, har da wanda ke cikin dunƙule da tumatirin gwangwani. Ciwon suga da hawan jini sun yi yawa a unguwannin Harlem, kuma mu da muka bar aikin ƙarfi da tafiyar ƙasa muka koma zaman mota da jirgi ba mu tsira ba. Tun daga 2020 manyan kamfanoni ke rubuta adadin ƙarin sukari a jikin kaya, saboda haka duba ba ya ɗaukar ko minti 1. Tuwon madara da dubulan na ranar Juma'a ne da ranar baƙi, ba na kullum ba.

Na uku shi ne ajiya. Mun saba da barin tuwo a tukunya ya kwana a yi ɗumame da safe. A birnin nan doka ta wajabta wa masu gidaje su ɗumama ɗakuna daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, don haka ko ana zuba dusar ƙanƙara a waje, kicin ɗinki yana da ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Ƙa'idar hukumomin lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, kuma abin da ke firij a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 4. Shinkafa da duk abin da aka haɗa da madara sun fi saurin ɓaci. Abin da zai wuce haka a sa shi a firiza.

Na huɗu shi ne gyaɗa. Yara da dama a ƙasar nan jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har takan kai su asibiti cikin gaggawa. Idan za ki ba ɗan maƙwabta kunu ko dambu ko nama mai yajin ƙuli, ki tambayi mahaifiyarsa tukuna, kuma kada ki sa wa yaronki irin wannan a abincin makaranta sai kin san dokar makarantar.

Inda ba a bin gajeriyar hanya

Akwai abubuwan da nake ganin a bar su yadda suke. Alkaki da nakiya na garar amarya suna buƙatar lokacinsu da hannun wadda ta iya, kuma ya fi kyau mata uku ko huɗu su haɗu a gida ɗaya ranar Lahadi su yi tare, 'yan mata na kallo suna koyo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka nan wadda ke yin abincin sayarwa a wajen suna ko biki, idan dubulan ɗinta na fallen leda ne ta faɗa wa mai saye gaskiya. Dabara a kicin halal ce, amma sayar da wani abu da sunan wani ba ya cikin dabara.

Tun daga 2015 makarantun gwamnati na birnin New York ke ba da hutun sallah ƙarama da babba idan sun faɗo a ranar karatu. Yara na gida a ranar, ko da iyaye da yawa sai sun koma aiki bayan idi. Wannan rana ce mai kyau ta ba yaro kwano da garin madara ya murza da hannunsa, ko ya dama furar da aka ajiye a firiza, a gaya masa sunan kowane abu da Hausa. Yaron da ya saba da ƙamshin daddawa da tsamin nono tun yana ƙarami, ranar da aka kai shi Katsina ko Damagaram zai zauna a tabarma ya ci tare da kakarsa ba tare da an lallashe shi ba.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke ci, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a ƙasar da muke baƙunci, Ya shirya mana zuri'a. A ci daɗi lafiya.